Malamin Midil a Majalisar Ikko, da Tambayar da Ta Rage wa Mutanen Dabawa

A 1930 Malam Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina Umaru, ya gama Kwalejin Katsina aka ba shi aji a Midil ta Katsina. Kusan shekara 15 ya yi da alli a hannu kafin ya koma wasu ayyukan En'e. A zaɓen Disamba 1959 Katsina ta Tsakiya ta tura shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko, a tutar jam'iyyar NPC. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba shi ma'aikatar da ke kula da fansho da tsarin ma'aikata da mayar da aikin gwamnati hannun 'yan ƙasa. Daga 1960 ya zama ministan harkokin birnin Ikko, yana kan wannan kujera har sojoji suka kifar da gwamnati a Janairu 1966.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne wata magana da ba ta tsufa a ƙasarmu. Duk sa'ad da kakar zaɓe ta ƙarato, a rumfar mai shayi a Dutsin-Ma, ko a gindin bishiya a Kurfi, ko bayan sallar la'asar a Dabawa, ba a rasa dattijon da zai ce da ma malamin makaranta aka tsayar, ai su ne suka riƙe ƙasar nan lokacin da take ƙasa. Sai a gyaɗa kai, a ce haka ne Baba. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ba gaskiyar da ake zato ba. Ni a ganina koyarwa ba ta taɓa kai kowa majalisa ita kaɗai ba, kuma zuwan malamai majalisa bai taɓa gyara aji ba. Wanda ke son ya amfana da tarihin su Malam Musa sai ya fara yarda da waɗannan biyun.

Malam Musa ba shi kaɗai ba ne, ayari ne guda. Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi tun daga 1933 har ya zama hedimasta, ya shiga majalisar dokoki ta ƙasa a 1947. Shehu Shagari ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya je Majalisar Wakilai a 1954. Maitama Sule malami ne a Midil ta Kano. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru. Ko a ƙetaren iyaka haka abin yake: Diori Hamani na Nijar malamin makaranta ne da ya fito daga makarantar William Ponty ta Senegal kafin a zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa a 1946, Boubou Hama kuma, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa juyin mulkin 1974, shi ma daga aji ya fito.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a hukumance a 1922, don horar da malamai aka kafa ta, kuma shekara da shekaru ita ce ƙololuwar karatun boko a duk Arewa. Yaron da ya fi kowa kai a lardinsu can ake kai shi, in ya fito kuwa aji ne ke jiransa. Babu jami'a, babu makarantar lauyoyi, babu ta likitoci a kusa. Saboda haka da Turawa suka fara buɗe majalisu bayan yaƙin duniya na biyu, suka nemi wanda zai iya tsayawa ya yi muhawara da Ingilishi da lauyoyin Ikko da na Inugu, ya karanta kasafin kuɗi ya gane inda aka dosa, ba su da wurin dubawa sai ɗakin malamai na Midil. Ba wai an fifita malami a kan injiniya ba ne. Injiniyan ne babu.

Akwai kuma wata dukiya da aji ya ba su wadda ba a cika lissafawa ba. Midil makarantar kwana ce ta lardi guda. Yara daga gundumomi ake tattaro mata, ɗan hakimi da ɗan dagaci da ɗan talakan da aka kama aka kai ba da son iyayensa ba. Malamin da ya shekara 15 yana kiran suna kowace safiya, ya san wanda ke gudu gida ran kasuwa, ya san wanda ubansa ya rasu a tsakiyar zango, to bayan shekara goma waɗannan yaran su ne magatakardan hakimai, su ne malaman haraji da na gona da na asibiti a kowane lungu na masarauta. Duk garin da ya sauka akwai mai cire takalmi ya durƙusa ya ce Allah ya gafarta Malam. Ɗan siyasar yau miliyoyi yake kashewa yana neman kafa irin wannan jama'a, ba ya samun rabinta.

Sai dai kada daɗin labari ya ɗauke mu. Ƙofar majalisa a wancan zamani tana da mai gadi, mai gadin kuwa fada ce. Malam Musa ɗan ma'ajin masarauta ne, kuma shi ma daga baya ya riƙe sarautar Matawalle. Zaɓukan 1951 da 1954 a Arewa ba kai tsaye aka yi su ba, hawa-hawa ne daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a kowane hawa En'e na da bakin magana. Ko a 1959 da aka jefa ƙuri'a kai tsaye, maza kaɗai suka jefa; matan Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu wannan dama. Wanda ke son ya san darajar alli in babu yardar fada, ya dubi Malam Aminu Kano. Ya yi karatun koyarwa a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. Ba wanda ya fi shi iya bayani a bainar jama'a. Amma a 1954 ya sha kaye a Kano a hannun Maitama Sule, malami ɗan'uwansa da ke da NPC a bayansa, sai a 1959 ya shiga majalisa. A wannan zaɓen NPC ta ci kujera 134 cikin 312, NEPU ta ci 8. Duka ɓangarorin biyu malamai ne ke jan su. Abin da ya raba su ba iya koyarwa ba ne.

Tambaya mafi nauyi ita ce: da suka isa Ikko, me aji ya samu? Ga Malam Musa nan, fansho da tsarin ma'aikata, sai filaye da gine-ginen Ikko. Maitama Sule ma'adinai da lantarki. Shagari ya zagaya ma'aikatu da dama. Ba laifinsu ba ne kai tsaye, domin tsarin mulkin lokacin ya bar makarantun elementare da Midil a hannun gwamnatocin jihohi da En'e-En'e. Wanda ya riƙe ilimin Arewa a Kaduna shi ne Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin horar da malamai ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, kuma a zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma yayin da Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a 1955, Arewa ba ta iya ba. Ana kawo dalilai: ƙarancin kuɗi, faɗin ƙasa, ƙyamar da iyaye ke yi wa boko. Duka gaskiya ne. Akwai na huɗu da ba a son faɗa, wato ƙarancin malamai, alhali 'yan kaɗan ɗin da suka fi ƙwarewa su ne ake ta kwashewa ana kai wa majalisa da ofis-ofis na gwamnati. Abin ya yi kama da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo saboda baƙi sun zo. Baƙin sun ƙoshi, an fita kunya, damina kuwa tana tafe.

Ba na cewa da sun zauna a aji ya fi. Da ba su tafi ba, da Arewa ta shiga 'yancin kai ba ta da bakin magana a teburin da ake rabon ƙasa. Abin da nake cewa shi ne tun daga wannan lokaci aka koya wa kowane yaro mai ƙwaƙwalwa cewa aji zango ne, ba masauƙi ba. Wanda ya ci gaba shi ne wanda ya fita. Wanda ya tsufa da alli a hannu, ana girmama shi a baki, ana tausaya masa a zuci. Wannan tunani bai bar mu ba har gobe.

Gidan 'Yar'aduwa kansa ya ba mu misali na biyu, kuma ya fi na farko koyar da darasi. Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Malam Musa, malamin kimiyyar sinadarai ne, ya koyar a Zariya da Katsina. (A Jamhuriya ta Biyu shi yana PRP ta Malam Aminu, mahaifinsa yana cikin manyan NPN, a gida ɗaya ake cin tuwo, a rumfa daban ake kaɗa ƙuri'a.) Abin da Katsinawa ke tuna shi da shi a fannin ilimi, azuzuwan da aka gina da jami'ar jiha da aka kafa a 2006, duk ya yi su ne yana gwamna tsakanin 1999 da 2007. Da kujerar majalisa ya samu, ko da niyyarsa ta ninka haka, da bai yi rubu'insu ba. Makullin aji yana hannun gwamna da hukumar SUBEB da ƙaramar hukuma, ba ya Abuja.

To mu dawo yau. Dabawa mazaɓa ce cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, wadda ita da Kurfi ke tura wakili ɗaya cikin 15 na Jihar Katsina, cikin 360 na Majalisar Wakilai. A ce wani malamin firamare a wannan yanki, mai gaskiya, wanda duk gari ya shaida, ya yi sha'awar kujerar. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar wakilai naira miliyan 10, PDP ta sayar da nata miliyan 2 da rabi. Mafi ƙarancin albashi a dokar 2024 naira 70,000 ne. A ƙaddara malamin nan yana ɗaukar 100,000 a wata: sai ya shekara 8 da 'yan watanni bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba, kafin ya haɗa kuɗin fom na farko. Fom kuwa sallama ce kawai. Akwai daliget, akwai motocin kamfe, akwai wakilan akwati, akwai lauya in an je kotu. Tsarin mulki kuma ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, wato ya saki reshen da yake riƙe da shi tun bai san ko zai kama wani ba. Mai gadin ƙofa ya canja, daga fada ya koma aljihu da gidan gwamnati, amma ƙofar tana nan da mai gadi.

Shi ya sa wanda ake kira tsohon malami a fostar kamfe yau, in ka bi sawunsa, yawanci ya bar aji da daɗewa. Ya bi ta sakataren ilimi, ko kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko kwangila, ko kuma malamin jami'a ne da wani babba ya ɗauko. Ba aibi ba ne. Amma a daina sayar mana da shekara uku da mutum ya yi yana koyarwa kafin ya samu hanya kamar su ne shaidar zai tuna da aji.

A ce kuma ya isa. Washegarin rantsuwa ƙofar gidansa ta cika tun asuba: mai takardar asibiti a ninke cikin leda, mai neman kuɗin jarrabawar ɗansa, matasa masu jiran babur, dattawan unguwa da maganar rijiyar burtsatse. Ba wanda ya zo tambayar wane kwamiti aka sa shi. Da wannan ma'auni za a auna shi bayan shekara huɗu, shi ma ya sani. Saboda haka in ya tuna da ilimi, abin da zai yi shi ne aikin mazaɓa: bulo mai aji biyu ko uku, fenti mai ɗaukar ido, da allon sanarwa a bakin hanya wanda sunan onarabul a jikinsa ya fi sunan makarantar girma. Ana yanke kirtani, ana ɗaukar hoto, a sa a Facebook. In ka koma bayan wata shida ka leƙa ta taga, sai ka ga yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa, a ƙasa suke zaune, malami ɗaya yana zirga-zirga tsakanin aji biyu, ya rubuta wa waɗannan aiki a allo ya bar su da monita, ya koma wa waɗancan. Ginin ya tsaya, karatun bai tsaya ba. Bulo ba ya koyar da baƙi da wasali.

A nan ne tsohon malami na gaske ya kamata ya bambanta da ɗan kasuwar da ke kujerar kusa da shi, domin ya san abin da ba a gani daga bakin hanya. Ya san bambancin sunayen da ke takardar albashi da fuskokin da ke zuwa aiki. Ya san yadda ake ɗaukar mai takardar NCE da ba ya iya rubuta wasiƙa saboda ɗan wane ne, a bar wanda ya iya. Ya san abin da ke sa malami ya sallami yara da hantsi ya hau babur ya tafi acaɓa, ko ya wuce gona. Ya san ƙarin girman da ake yi a takarda ba ya bayyana a albashi, da giratutin da ake bi har takalmi ya ƙare. Wannan sani shi ne jarinsa, kuma akwai wuraren da zai yi aiki a Abuja ko da makullin aji ba ya can.

Na farko dokar UBE ta 2004. Ita ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa. Shekara da shekaru ana jin hukumar UBEC tana kukan biliyoyin naira na kwance saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Sannan mafi yawan abin da aka karɓa gini da kujeru yake tafiya, domin nan ne kwangila take. Gyara wannan doka, a ƙara kason, a karkata wani ɓangare mai kauri zuwa horar da malamai da riƙe su a ƙauye, aikin majalisar tarayya ne, ba na gwamna ba. Na biyu bin diddigi. Kwamitin majalisa yana da ikon kiran kowace hukumar tarayya ta zo ta yi bayani da takardu. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. Ƙungiyar NUT ta sha yin tuni a kansa. Abin da ya fito fili shi ne dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko 40 na aiki. Madalla da ita, amma ta amfani wanda ke bakin fita ne. Yarinyar da ta gama kwalejin Isa Kaita tana tunanin ko ta karɓi aji a ƙauye ko ta buɗe shagon ɗinki, dokar ba ta ce mata komai ba.

Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. An yi ta murna, kuma akwai abin murna. Amma albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma tsofaffin malamai ba su manta da zamanin da ake shafe watanni ba a biya su ba lokacin da abin ke hannun ciyamomi. Wa zai tashi a zauren majalisa ya ce a ɗaure wannan albashi da doka yadda ba mai taɓa shi? Wanda ya taɓa cin bashin masara a kanti yana jiran ƙarshen wata shi ya fi cancanta ya faɗa.

Abin da ke faruwa maimakon haka kowa ya gani. Kowane ɗan majalisa burinsa ƙudurin kafa jami'a ko kwalejin tarayya a garinsu, domin ita ce ake gani, ita ke kawo guraben aiki da za a raba. Dutsin-Ma ta samu tata jami'ar tarayya a 2011, cikin guda 9 da gwamnatin Jonathan ta kafa a shekarar, kuma garin ya amfana: haya, kasuwa, ayyuka. Amma jami'a ba ta ɗaukar yaron da ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba. In firamaren Dabawa da Makera da Tsauri ba ta yi ƙarfi ba, 'ya'yan wasu ne za su cika ɗakunan karatun, namu su sayar musu da ruwan leda a bakin get.

Ban manta da tsaro ba, kuma ba wanda ke zaune a wannan yanki zai manta. Tun daga ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disamba 2020, zuwa ɗaliban jami'ar Dutsin-Ma da aka sace a 2023, malamin da aka tura ƙauyen da ke kusa da daji yana lissafin ransa kafin ya lissafa albashi. Wanda ya nemi canjin wurin aiki zuwa cikin gari ba ragwanci ya yi ba. Sai dai ƙauyen da ya bari ya koma ba malami, kuma wannan giɓi ba ya fitowa a kowane rahoton aikin mazaɓa. Alawus na musamman ga mai koyarwa a irin waɗannan wurare magana ce ta kasafin kuɗi, kasafin kuɗi kuwa a majalisa ake amincewa da shi.

Hukuncina a kan su Malam Musa shi ne sun yi aikin da zamaninsu ya ɗora musu, na tsaya wa Arewa a Ikko, kuma sun yi shi da kamun kai da ba a cika gani ba yanzu. Aikin aji kuwa sun bar shi a inda suka same shi, waɗanda suka biyo baya ma ba su ɗauka ba. Don haka in 2027 ta zo, wani ya tsaya a gabanku a Dabawa ko Kurfi ya ce shi tsohon malami ne, kada ku tsaya a tafi. Akasarin rumfunan zaɓenmu a harabar firamare suke. Ku tambaye shi malamai nawa ne a makarantar da za ku yi layi ku zaɓe shi, yara nawa ne a rajista, kuma wane sashe na dokar UBE zai nema a gyara. In ya amsa, ku ba shi. In ya ce zai gina muku bulo, ku gaya masa wanda ya gabace shi ma ya gina.